Hoton da Ya Hana Ni Bayarwa

Da sunan Allah na fara, Mai ba da lafiya, Mai karɓar abinSa a lokacin da Ya so. Wata takwas ke nan da rasuwar maigidana Malam Isuhu, wanda Anguwan Rogo ta fi sani da Injiniya, mai gyaran keken ɗinki. Ni Hadiza malamar firamare ce, kuma kowa ya shaida bakina ba ya shiru, amma sai yanzu na iya zama in rubuta yadda jinyarsa ta kasance. Ina rubutawa ne don wadda za ta tsinci kanta a inda na tsinci kaina, saboda a cikin jinyar na tafka kuskuren da ya kusa sa mijina ya bar duniya yana fushi da ni.

Daga hannun dama abin ya faro. Mutumin da ya shekara talatin yana kwance kan keke ya mayar ko da idonsa a rufe, sai ga sukudireba tana zame masa. Ya ce sanyin Jos ne. Na ce yau aka fara sanyi a Jos? Bayan sati biyu na kama shi yana kokawa da maɓallin riga, ya juya mini baya don kada in gani. Da na riƙo hannun na duba, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa, tsokar dantsensa kuma tana ɗan rawa ita kaɗai. Babu zafi, babu zazzaɓi. Rashin zafin nan shi ya yaudare mu har wata uku.

A wata ukun nan babu abin da ba mu ji ba. Yayarsa, Yaya Talatu, da ke layin bayanmu, ta zo ta zauna ta ce, "Ni dai na faɗa, hannu aka sa masa. Mutum yana shiga shagon kowa yana kwashe ciniki, kina tsammanin za a ƙyale shi?" Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka shafa man zaitun har zannuwan gado suka daina wankuwa. Mai kemis ya ce hawan jini ne, aka auna, jininsa ya fi nawa kyau. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce take sallama. Ban raina kowa ba, duk ƙauna ce ta kawo su, amma abin da muka kashe a kan "gwada wannan" ya isa ya kai mu asibiti tun da wuri.

A wata na huɗu ƙafar hagu ta fara ja, silifas yana fita bai sani ba. Nan na yi tsaye na ce sai babban asibiti. Wanda bai taɓa bin layin kati ba ya gode wa Allah. Ka isa gari bai gama wayewa ba, ka tarar an riga ka, ka zauna a benci mai sanyi har azahar. Satin farko jini suka ɗiba. Sati na uku hoton wuya da na baya. Sai a sati na shida muka samu ganin likitar jijiya, don rana ɗaya take zama a sati, ita kuma ta tura mu wani gwaji da ake soka ƙananan allurai a tsoka. Kafin sakamakon ya fito na sayar da firizar da nake zobo da kunun aya da ita.

Likitar ba ta yi mana kwana-kwana ba, Allah Ya saka mata. Ta ce sunan ciwon moto niyuron, wato jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni ne suke mutuwa da kaɗan-kaɗan. Maganarta uku har yau suna kunnena. Ta ce babu maganin da zai warkar, sai dai abin da zai sauƙaƙa. Ta ce hankalinsa ba zai taɓu ba, zai san duk abin da ake ciki. Sannan ta dube ni ta ce, "Muryar ma za ta tafi. Duk maganar da kuke da ita, ku yi ta tun yanzu."

A cikin napep muna komawa gida ni ke kuka, shi yana kallon titi. Can ya ce, "Malama, kin dai ji an ce hankalina yana nan. Kada ki fara yanke mini hukunci kamar ɗan ajinki." Na yi dariya da majina, na ce na ji.

Wata biyu bayan nan ya daina fita. Hannu biyun suka kwanta, tafiya sai an riƙe shi. Ni ce wanka, ni ce bayi, ni ce cokali, kuma ƙarfe bakwai da rabi ina gaban allo. 'Yarmu Nafisa tana aure a Bukur da ɗanyen goyo, sai ranar Lahadi take samun zuwa. Wata rana ya zame mini a bayi muka faɗi tare, na ji bayana ya amsa. Rannan na zauna a tsakar gida na ce wa Allah na gaji, sannan na yi istigfari.

Ana cikin haka Madam Kaneng ta zo. Tela ce a Anguwan Rukuba, shekara ashirin Injiniya ne ke duba mata kekunanta, ko a lokutan da mutane ke tsoron tsallaka unguwa shi bai fasa zuwa ba. Tana ganinsa ta ɗora hannu a ka. Ta ja ni waje ta ce, "Haba Madam, kai ba ka gaya mini oga ya kwanta haka ba? E no good fa. Akwai wani kostoma na, mijin shi ne shugaban wani kulob, wannan ciwo suke tara wa kuɗi bana."

Kulob ɗin na 'yan kasuwa ne da ma'aikata da 'yan fansho, Musulmi da Kirista. Sun taɓa rasa ɗaya daga cikinsu da irin ciwon, shi ya sa suka ɗauki nauyin masu shi a shekarar. Shugabansu Oga Dele, Bayarabe haifaffen Jos wanda kakansa ya zo tun zamanin haƙar kuza, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Mutanen kirki ne, amma bari in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin masu son taro da jawabi irinsu ba. Sai an kaɗa ƙararrawa, sai shugaba ya rataya wata sarƙa mai lambobi a wuya, sai an karanta abin da aka faɗa wancan satin, kafin a zo kan maganarka ƙafarka ta yi tsami. Suka ce za su yi tattaki a gari da liyafar tara kuɗi, kuma suna son hoton mara lafiya ɗaya a jikin ƙyallen talla, don mutane sun fi buɗe aljihu in sun ga fuska. Sauran masu ciwon da suka samu duk sun ƙi.

Na kawo wa Injiniya maganar ina murna. Ya saurare ni har na gama. Lokacin harshensa ya fara nauyi, amma ana gane shi sarai. Ya ce, "Ubana bai yi bara ba, ni ma ban yi ba. Ba za a rataye ni a titi ana nuna ni ba. Ko bayan raina kada ki ba su."

Na ba su. Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, ni ce. Na tuna faɗuwar bayi, na tuna yadda ya fara ƙwarewa da ruwa, na ce a raina ai ba fita yake yi ba, ina zai gani? Na tura musu hotonsa na ranar ɗaurin auren Nafisa, yana dariya da hularsa a karkace. Da suka miƙo takardar amincewa, Oga Dele ya tambaye ni, "Malama, ya yarda?" Na ce ya yarda. Na sa hannu a inda ya kamata a ɗora yatsansa.

Ko sati ƙyallen bai yi a shataletale ba wani tela ya shigo dubiya da waya a hannu. "Injiniya, ka zama babban mutum! Ga ka nan a titi, ka fi motar haya girma." Ya kanga masa wayar a fuska. Daga ranar kuma masu dubiya suka canza salo, kowa in zai tafi sai ya cusa 'yar ɗari biyu a ƙarƙashin matashi yana sunkuyar da kai, har waɗanda shi ya saba yafe wa kuɗin gyara. Da ɗakin ya watse ya ce, "Wa ya ba su?" Na ce ni ce. Bai yi faɗa ba. Ya juya fuskarsa bango, da yake wuyan ne kaɗai ya rage masa da yake juyawa da kansa.

Daga nan ya rufe mini baki. Yana amsa gaisuwar Yaya Talatu, yana yi wa jikarsa wasa, yana cewa Nafisa ta gyara masa matashi. Ni kuwa ko uffan. In na kawo cokali zai buɗe baki, in na ɗaga shi zai ɗagu, amma idonsa yana wani wuri. Na ba da haƙuri a tsaye, na bayar a durƙushe, na aiko limamin layinmu. Kuma kullum ina jin yadda kalmominsa ke ƙara narkewa in yana magana da wasu. Tsoron da ya kama ni ya fi na talauci. Muryar tana ƙarewa, ni kuma kalma biyu nake nema a cikinta, na yafe.

Da zafin nan na tafi wurin taron kulob, ban jira ƙararrawa ba. Na fara zazzaga musu masifa kamar su suka yi laifin, sai a tsakiyar masifar na fashe da kuka na faɗi gaskiya, cewa ƙarya na yi, bai yarda ba. Saura kwana huɗu tattakinsu, sun riga sun biya mai buga ƙyalle. Oga Dele ya cire sarƙar wuyansa ya ajiye a tebur, ya ce a sauke duk ƙyallayen kafin magariba. Wani ya fara maganar asara, ya ce masa, "Mutum muka ce za mu taimaka, ba mu ce za mu tozarta shi ba."

Washegari ya zo gidanmu da kansa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban gado da furfurarsa ya ce, "Injiniya, mun yi maka laifi. Ka yafe mana." Nan take maigidana ya ce ya yafe. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ya ƙara da cewa, "Kai ba ka san ni ba. Ita ta san ni." Da suka yi tattakinsu, ba tare da hoton kowa ba, suka aiko da kujera mai taya sabuwa fil. Injiniya ya ce a mayar. Ban mayar ba, ta zauna a zaure a cikin ledarta, ni kuma na ci gaba da ɗaukarsa da bayana mai ciwo, ina hararar kujerar duk na wuce.

A sati na bakwai na shirun nan Madam Kaneng ta zo da kan keke a napep. Ta ce ta kai wa masu gyara biyu sun kasa, ita dai ko kallonsa Injiniya ya yi. Oga Dele yana nan ya zo dubiya. Ta aza kan keken a tebur ta juya da hannu, ya yi ƙara. Injiniya ya lumshe ido ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce allura da ƙugiyar da ke ɗauko zaren ƙasa ne ba sa haɗuwa a kan lokaci, a kwance noti kaza a matsar kaɗan. Ta yi yadda ya ce, keke ya kama ɗinki lafiya lau. Ta buga tsalle tana cewa, "Oga, hannu ne ya tafi, kunne yana nan!"

Duk abin nan a kan idon Oga Dele aka yi. Can ya ce, "Injiniya, a gidajen 'yan kulob ɗinmu akwai matattun kekuna, na iyayenmu mata, na matanmu, suna cin tsatsa a sito. In muka kwaso, ka tayar da su, mu yi gwanjonsu ranar liyafa, kuɗin ya shiga asusun masu ciwon. Nawa za ka caje mu?"

Ya daɗe kafin ya haɗa amsar. Ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba, wannan zubinsa ne. "Kamar adashe," in ji shi. "In na zuba, zan iya kwasa."

To amma da wane hannu? Madam Kaneng tana da shago, Nafisa tana da goyo, Yaya Talatu ko zare ba ta gani. Kowa ya juyo ya dube ni, ban da shi. Ranar Asabar aka sauke kekuna tara a tsakar gidanmu, wasu har da gidan gizo-gizo. Na jingina shi da matasai, na zauna a gabansa da sukudirebarsa a hannuna, ni da ko kwarkwaron zare ban iya sawa ba. Na ɗora ta a kan wani noti na fara murɗawa yadda na ga dama. Sai na ji ya ce, "Hagu."

Kalmar farko ke nan da ya yi mini a sati bakwai. Don ruɗewa na murɗa dama. Ya ce, "Hagu, Malama." Hawaye ya hana ni ganin notin.

Haka muka yi sati biyar. In na dawo daga makaranta in ba shi kunu, in wanke hannu, mu hau aiki. Sassauta. Ɗaure. Mai. Sake. Ba ya ƙara ko kalma a kan ta aiki, ni kuma ban roƙi ƙari ba, don na ga kowace kalma sai ya yi mata nishi kafin ta fito. Na ƙona yatsa da kananzir da tsatsa, na ɓatar da ƙananan notuna ya fi a ƙirga, ya riƙa bin su da ido yana nuna mini inda suka gangara. Takwas suka tashi. Na taran ya saurare shi sau biyu ya ce, "Gawa," har Yaya Talatu ta yi dariya.

Ranar liyafa ba mu je ba. Oga Dele ya zo washegari ya ba mu labari, ya ce babu hoto, wata 'yar takarda kawai aka ajiye a gaban kekunan an rubuta gyaran Injiniya. Ya ce wata hajiya ta sayi keken mahaifiyarta da ita ta kawo shi, a kan kuɗin da ya fi na sabo, tana kuka. Wani ya saya ya bayar a sake gwanjonsa. Maigidana ya saurara, sannan ya dubi zaure ya ce, "Kujera." A ranar aka yage ledar, aka tura shi ƙofar gida ya sha hantsi, rabonsa da ganin layinmu wata biyar.

Bayan kujerar abubuwa suka biyo, kuma zan lissafa don a san alherin mutanen nan. Katifa mai hana gyambon kwanciya. Na'urar zuƙe yawu da majina, da batirin sola saboda halin wutarmu, na'urar da ba don ita ba da ƙwarewa ta kashe shi tun da wuri. Mai gashin ƙashi duk Laraba, wanda ya koya mini yadda zan juya shi ban karya bayana ba. Wata 'yar kulob da ke aiki a gonar shanu ta Vom tana aiko da madara da kindirmo duk sati da haɗiya ta yi wuya. Ƙorafina ɗaya, na'urar nan sai da ta yi sati shida tana jiran sa hannun ma'aji da ya yi tafiya, kuma na faɗa musu a gabansu cewa ciwo ba ya jiran taro. Sun karɓa, har sun gyara wa na bayanmu. Allah Ya saka musu da alheri, Ya duba bayansu, su da Madam Kaneng da likitar da ta gaya mana gaskiya. Ke kuma mai jinya, in mara lafiyarki ya ce a'a, to a'a ce, ko da ke ce ke ɗaukarsa. Jikinsa ne ya kwanta, mutuncinsa yana tsaye.

Aiki ya ƙare, kalmomin aiki suka ƙare da shi. Ya daina kawar da ido daga kaina, amma abin da nake jira bai zo ba, muryar kuma ta koma kamar ta mai magana da ruwa a baki. Na riga na fara sallamawa. Wata Asabar bayan la'asar ya yi ta nuna ƙofa da ido yana wani sauti, da ƙyar na gane Yaya yake cewa. Na aika aka kira ta, ta zo da carbinta ta zauna a bakin gado. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Yaya. Ki. Shaida."

Ta ce, "Ina jin ka, Isuhu."

Abin da ya biyo baya ya ɗauke shi lokacin da za a yi raka'a biyu. Na yafe wa Malama, duniya da lahira. Yaya Talatu ta maimaita da ƙarfi kalma bayan kalma, ta ce haka ka ce? Ya lumshe ido. Ta ce, "Na shaida." Ni dai na kifa kaina a kan ƙafafunsa.

Kwana tara bayan nan muryar ta tafi gaba ɗaya. Ya ƙara wata biyar muna magana da ido, har Allah Ya karɓi abinSa wata safiyar Talata, kansa a kan cinyata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar ta zama kaffara.

Bayan sadakar bakwai na tambayi Yaya Talatu me ya sa sai da ya kira ta, alhali muna ɗaki ɗaya ni da shi. Ta ce, "Ya san halinki. Ya san za ki zauna ki yi ta gardama da kanki, ki ce ba ki ji daidai ba." Kuma haka ɗin ne. Har yanzu akan yi ranar da zuciyata ke ce mini maganar ba ta fita sosai ba, wataƙila ni na ji abin da nake so in ji. Sai in yafa mayafi in zaga layin baya. Tun ban gama sallama ba take ɗago kai ta ce, "Ya faɗa, Hadiza. Da kunnena na ji."